Sauka a otal a Abuja in aiki ya kai ka: yadda nake yi tun daga gida har ranar miƙa makulli

Duk wanda aiki ke yawan kai shi Abuja ya san wani lokacin hanya lafiya lau za ka sha ta, masauki ne zai ɓata maka tafiyar gaba ɗaya. Ka kwana cikin zafi da sauro, ko kiɗa ya hana ka runtsawa har ƙarfe 3 na dare, gari ya waye ka je gaban mutanen da ka zo nema ido jajur, kaya a yamutse, maganar da ka haddace tun daga gida duk ta gudu. Na daɗe ina wannan zirga-zirga daga Kano, wani zuwan kwana biyu wani kwana huɗu, kuma ni ba irin su Transcorp Hilton nake sauka ba, ba kuma ɗakunan nan na bayan tasha ba. Na tsakiya nake nufi, wanda ɗan kasuwa ko ma'aikaci zai iya biya ya samu esi da ruwan zafi da karin kumallo ba tare da aljihunsa ya yi kuka ba. Toh ga yadda nake yi, daki-daki.

Abu na farko, tun kafin ka tambayi kuɗin ɗaki, ka tambayi kanka ina ne aikin da zai kai ka yake. Wannan shi ne gindin maganar kuma a nan mutanenmu suka fi yin asara. Abuja a shimfiɗe take, unguwanni sun yi wa juna nisa, sannan an hana acaɓa a tsakiyar gari tun 2006 lokacin El-Rufa'i yana ministan birnin, don haka babu zancen in ka makara ka ɗare babur ya ratsa da kai kamar yadda aka saba a wasu garuruwan. In aikinka a Sakatariyar Gwamnatin Tarayya yake, ko Babban Banki, ko ginin NNPC, duk waɗannan a tsakiyar gari suke, sai ka nemi ɗaki a Wuse ko Garki, in ya yi nisa Utako ko Jabi. In CAC ce, wato hukumar rajistar kamfanoni, a Maitama, Wuse 2 ta fi maka kusa, ita Maitaman da Asokoro kam kuɗinsu ba na wasa ba ne. In kuma hedikwatar shige da fice ce da ke Sauka a kan titin filin jirgi, ba ruwanka da cikin gari ma, wajen Lugbe ya ishe ka.

Za a ce maka ai akwai ɗakuna masu kyau da araha a Mararaba ko Nyanya ko Kubwa, kuma gaskiya ne akwai su. Amma ka sani Mararaba ma ba Abuja ba ce, jihar Nasarawa ce, kuma dubban ma'aikatan da ke kwana can duk safiya hanya ɗaya suke bi su shigo ta shataletalen AYA. Na taɓa yin wannan lissafin, na ce bari in rage kuɗin ɗaki, na sauka ta can ina da ganawa ƙarfe 9 a Sakatariya, na fito tun bakwai saura amma wallahi sai goma ta wuce na iso, mutumin da na zo gani ya shiga wani mitin ɗin, dole na ƙara kwana. Kuɗin ƙarin kwanan da na motar ya ninka abin da na rage, ban da ɓacin rai. Tun daga ranar in na buɗe taswirar Google a waya na ga otal ya wuce tafiyar minti 15 zuwa 20 daga wajen aikina, ko kyauta ne na haƙura. Kuma ka duba taswirar da safe wajen ƙarfe 8 ranar aiki, kada ka duba da daddare lokacin titi fayau ka ce ai kusa ne.

In ka ware otal biyu ko uku, sai mataki na biyu, ka kira su a waya. Hotunan intanet kada su ruɗe ka, ɗakin da ya fi kowanne kyau suke ɗauka, wani hoton ma tun ranar da aka buɗe wajen ne. Abin da ya fi amfani shi ne ra'ayoyin waɗanda suka kwana a can kwanan nan, ka karanta sababbi na watannin baya-bayan nan, in ka ga mutum uku huɗu da ba su san juna ba duk suna kukan abu ɗaya, ruwa ko ƙara ko wari, toh ka yarda da su.

Tambayoyin da nake yi a waya ba su da yawa amma ba na tsallake ko ɗaya. Na farko wuta. Kada ka ce "kuna da wuta?" don kowa zai ce maka awa 24. Ka ce, in nepa ta ɗauke da rana kuna tada inji nan take ko sai yamma, kuma injin yana ɗaukar esi ko fanka kawai? Tunda aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023, aka kuma ƙara wa 'yan layin Band A, wato waɗanda aka ware za su fi samun wuta, kuɗin wuta a Afrilun 2024, otal masu matsakaicin kuɗi da yawa sun koma tada inji da lokaci, wasu daga ƙarfe 6 ko 7 na yamma zuwa safiya, da rana kuwa sai inbata mai riƙe ƙwan fitila da talabijin. In kai da rana kana waje wannan ba zai dame ka ba, amma in kana da aikin kwamfuta a ɗaki ko mitin ta Zoom dole ka sani tun wuri. Na biyu ka tambaya ko akwai kulob ko mashaya ko ɗakin biki a harabar, musamman in tafiyar za ta haɗa da daren Juma'a ko Asabar. Na uku karin kumallo yana cikin kuɗin ɗaki ko daban ne, kuma ƙarfe nawa ake fara bayarwa, don wanda sai ƙarfe 8 ake fito da shi ba shi da amfani ga mai fita bakwai da rabi.

Na huɗu shi ne kuɗi, kuma ka ce a gaya maka jimilla, abin da zai fita daga asusunka. Akwai harajin VAT na kashi 7.5 cikin ɗari, wasu kuma suna ɗora kuɗin hidima kashi 5 ko 10. Misali an ce maka ɗaki naira 50,000, in ba a haɗa ba VAT ɗin 3,750 ne, hidima ta kashi 10 kuma 5,000, ka ga ya tashi 58,750 ke nan a kwana ɗaya, a kwana uku bambancin ya haura 26,000. Wasu kuma suna karɓar kuɗin ajiya da za su mayar maka ranar tafiya in ba ka ɓata komai ba, shi ma ka tambaya. Kuma ka nemi ragi, ba abin kunya ba ne, ka ce kwana uku zan yi kuma ina yawan zuwa, ko ka tambaya ko suna da farashin kamfanoni, sau da yawa manaja yana da ikon sauke wani abu, yaran risefshan ne ba su da shi.

Maganar kafin alƙalami kuma a yi hattara dan Allah. In za ka tura kuɗi don a riƙe maka ɗaki, sunan asusun ya zama na otal ɗin ne ko kamfaninsu, in ka ga sunan mutum ɗaya ya fito ka dakata. Akwai 'yan damfara da ke buɗe shafi a Facebook ko Instagram da hotunan otal na gaske su sa lambarsu. Ni dai in ba lokacin wani babban taro ba ne da gari ke cika, kwana ɗaya kawai nake biya, sauran sai na ga ɗaki da idona.

Kayan tafiya ba sai na tsawaita ba, amma ga waɗanda rashinsu ya taɓa ba ni wahala: katin shaida na NIN ko lasin tuƙi ko fasfo don za a nema a risefshan, wayar wuta mai soket da yawa saboda wani ɗakin soket ɗaya ne ke aiki kuma yana bayan gado, fawa bank, sallaya, 'yar ƙaramar buta ko ko gorar ruwa da za ta maye gurbinta don banɗakunan otal da yawa takarda kawai suke ajiyewa, silifas na wanka, maganin sauro, da layi biyu na waya daban-daban don kada ka dogara da waifai ɗin otal. Sai tsabar kuɗi 'yan kaɗan a aljihu, ranar da sabis ɗin banki ya tsaya POS ba zai cece ka ba. Takardun aikin kuma ka buga su tun daga gida ka yi kwafi biyu, bugu a otal tsada gare shi.

Ranar tafiya ka yi ƙoƙari ka shiga gari da sauran rana. In ta jirgin sama ne filin jirgin Nnamdi Azikiwe yana da nisan kusan kilomita 40 daga tsakiyar gari, in jirgin ƙasa ka biyo daga Rigasa ta Kaduna za ka sauka Kubwa ko Idu, su ma duk bayan gari ne, in kuma mota ce galibi Utako ko Jabi ko Zuba za a ajiye ka. Daga duk inda ka sauka ka kira Bolt ko inDrive, ko ka shiga tasi daga cikin tasha, ko ka ce otal su turo maka direbansu. Kada ka tsaya bakin titi da jaka ka tare motar da ka ga mutum biyu uku a ciki, matsalar 'yan wan-cans, wato ɓarayin da ke shigar direba da fasinjoji su yi wa wanda ya shiga motarsu fashi, a Abuja gaskiya ce, kuma baƙo mai jakar kwamfuta shi suka fi so. Kafin ka shiga ka duba lambar motar ta yi daidai da ta cikin waya, sannan ka tura wa wani na gida bayanin tafiyar. Yawancin otal ƙarfe 2 na rana suke ba da ɗaki, ƙarfe 12 na rana kuma ake fita, in jirgin safe ka biyo ka gaya musu tun jiya, in akwai ɗakin da ba kowa sukan ba ka da wuri, in babu ka ajiye jaka wajensu ka karɓi 'yar takardar shaida ka wuce aikinka.

Yanzu ga inda na fi so ka natsu, wato risefshan. Ka yi sallama ka gaisa da su da mutunci, ka tambayi sunan wanda ka tarar ka riƙe, don shi za ka nema in ruwa ya ɗauke da tsakar dare. Sannan kafin ka miƙa kati ko ka yi tiransifa ka ce a kai ka ka ga ɗakin. Wannan haƙƙinka ne kuma otal ɗin kirki ba ya jin haushin haka, wanda ya ce sai ka biya tukuna toh ya riga ya gaya maka abin da ke ciki. Da zarar kuɗinka ya shiga asusunsu dawo da shi sai an sha fama, za a ce manaja ba ya nan, akanta sai gobe, amma kafin ka biya kai ne mai ƙarfi.

In an buɗe ɗakin ka fara da hanci, in ka ji warin danshi ko na taba ka ce a canza, ba ya fita ko an fesa turare. Ka kunna esi da kanka ka tsaya minti biyu uku ka ji sanyi yake bayarwa ko iska kawai yake hurawa, ka saurari ƙararsa. Ka shiga banɗaki ka murɗa famfo da shawa, ka kunna hita, ka ja ruwan masai ka ga yana tafiya. Ka ɗaga zanin gado ta wajen kai ka duba ɗinkin gefen katifa, in ka ga ɗigo-ɗigon baƙi kamar an yayyafa tawada toh kuɗin cizo ne, kada ma ka ajiye jakarka a ƙasa, ka fito, don in ka kwaso shi zuwa gida sai ka yi watanni kana yaƙi da shi. Ka sa caja a soket ɗin kusa da gado. Ka rufe ƙofa ta ciki ka ga sakata tana kamawa. Ka leƙa taga ka ga me ke ƙasa, in injin wuta ne ko wajen shaƙatawa ko kicin ka roƙi ɗaki a ɗaya ɓangaren. Duk wannan bai fi minti biyar ba. Ni na fi son hawa na ɗaya ko na biyu, can ƙarshen baranda nesa da matakala, ƙasa akwai hayaniyar masu shige da fice, can sama kuma ruwa ba ya hawa da ƙarfi sannan in lifta ta tsaya ka shiga uku da jaka.

In ɗakin ya yi maka sai ka biya, ka karɓi rasit nan take ko da na wucin gadi ne, kada ka ce sai ranar tafiya, ma'aikatan suna canjin aiki kuma wanda ya karɓi kuɗinka da yamma ba shi za ka tarar da safe ba. In POS ya ce bai yi ba alhali an cire maka kuɗi, kada ka sake sakawa a guje, ka riƙe takardar da ta fito ka nuna musu alat ɗin, a kira manaja a rubuta.

Ka shiga ɗaki, kafin ka kwanta hutawa ka yi 'yan abubuwan nan. Ka leƙa baranda ka ga ina matakalar fita take in gobara ta tashi, Allah ya kiyaye, ka tabbatar ba a garƙame ta da kwaɗo ba. Ka sa lambar risefshan a wayarka, lambar gaggawa ta ƙasa kuma 112 ce. Ka buɗe firij, in akwai lemuka da ruwa ka tambaya wanne ne kyauta wanne na kuɗi, don farashinsu ya ninka na kanti. Kayan da za ka sa gobe ka fito da su yanzu, in suna son guga ka bayar tun da yamma ka ce ƙarfe nawa za a dawo da su, babbar riga ko shadda kuma ka ja kunnen mai gugar, ba kowane ɗan wankin otal ya san yadda ake bi da aikin wuya ba. Alƙibla a Abuja gabas ce mai ɗan karkata arewa, wasu otal suna manna alama a silin ko cikin durowa, in babu ka duba da waya ko ka tambayi maigadi, sau da yawa za ka tarar ɗan'uwa ne kuma shi zai nuna maka masallaci mafi kusa. Ka tuna kuma kai matafiyi ne, a mazhabar Malikiyya in ba ka yi niyyar zaman kwana huɗu cikakku ba kana da ƙasaru, sai dai in ka bi liman mazauni ka cika.

Abinci kuwa, na otal a kai maka ɗaki yana da tsada kuma yakan daɗe, in za ka ci nasu ka yi oda tun kafin yunwa ta kama ka. In otal ɗin ba na Musulmi ba ne ba laifi ka tambayi irin naman da suke dafawa, ko ka tsaya kan kifi da ƙwai. A Wuse da Garki ba za ka rasa masu tuwo da masa da gurasa ba, maigadin nan dai shi ne jagoranka. Ruwa na gora kawai, ka sayo manya biyu daga kanti ka shigo da su. Kuma daren da za ka wayi gari da ganawa ba daren gwada abincin da cikinka bai saba da shi ba ne.

Wanda zai zo wajenka kan harkar aiki ka gan shi a falon ƙasa ko wajen cin abinci, kada ka hau da shi ɗaki, ya fi mutunci kuma ya fi tsaro, balle in yau ka fara ganinsa. Kada ka faɗi lambar ɗakinka da ƙarfi a gaban jama'a. Ke kuma 'yar'uwa in ke kaɗai kika zo, ki ce a rubuta miki lambar a takarda maimakon a faɗa, in an ƙwanƙwasa da dare aka ce ma'aikaci ne ki kira risefshan ki tabbatar kafin ki zare sakata. Kwamfuta da kuɗi da takardu masu muhimmanci ka fita da su, ko ka sa a akwatin ajiya in akwai, in babu ka kulle su a jaka, ba don ana zargin masu shara ba, yawancinsu bayin Allah ne masu neman halak, sai don kada ka jefa su ka jefa kanka cikin zargi. In suka kyautata maka ka ɗan ba su wani abu, albashinsu ba yawa.

Da safe ka ƙara rabin awa a kan duk lissafin da ka yi, saboda shiga ma'aikatu akwai bincike a ƙofa da rubuta suna, wani lokacin kuma a rufe hanyar wajen dandalin Eagle saboda taro. Ranar Juma'a daga wajen ƙarfe 1 hanyoyin kewayen Masallacin Ƙasa sukan cushe, ofisoshi kuma ba kasafai ake samun mutane bayan an sauko ba, don haka abin da ke buƙatar sa hannun wani babba ka kashe shi daga Talata zuwa Alhamis.

Daren ƙarshe ka sauka risefshan ka ce a buga maka lissafinka ka duba a natse, abinci, wanki, ruwa, ko an sa maka abin da ba ka ci ba, gyara ya fi sauƙi da daddare fiye da safiya direba yana jira yana maka hon. In aikinka zai kai yamma ka roƙi a ƙara maka awa ɗaya ko biyu, da yawa suna yarda in ka faɗa da wuri, in ka yi shiru har 12 ta wuce kuwa sai a caje ka rabin kwana ko ma cikakke. Rasit na ƙarshe ya ɗauki sunan otal da adireshi da hatimi, da ranar shiga da ta fita, da sunanka ko na kamfaninku daidai yadda akantanku yake so, in ba haka ba kai za ka sha yawo wajen mayar maka da kuɗinka. Wani zai rage murya ya ce ranka ya daɗe nawa za a rubuta, ka ce abin da na biya za a rubuta, kuɗin da aka ba ka na tafiya amana ne kuma wannan 'yar ƙarin ba ta da albarka. Ka ɗauki hoton rasit ɗin da waya nan take don irin takardar POS ɗin nan rubutunta gogewa yake cikin 'yan makonni.

Kafin ka ja ƙofa ka duba soket, bayan ƙofar banɗaki, ƙarƙashin filo da cikin wadirob, caja da agogo da hula su aka fi mantawa. Ka karɓi kuɗin ajiyarka, ka miƙa makulli hannu da hannu. In wajen ya yi maka ka karɓi lambar manaja ka rubuta lambar ɗakin da ka kwana a wayarka, zuwa na gaba sai dai ka kira ka ce a ajiye maka shi. In jirgin sama za ka bi ka bar otal aƙalla awa biyu da rabi kafin tashi, in kuma da ɗan sarari ka ce direba ya biya da kai Area 1 ka sayi kilishin tsarabar yara, kan hanya ne.